Tauraro Ɗaya a Jikin Tulu

Shagona da na Thaddeus bango ɗaya ne ya raba su a layin masu waya na kasuwar Utako, bangon ma na katako ne. Ni ina sayar da caja da rigar waya, shi yana gyara. In ya yi atishawa ina ji, in na tsaya faɗa da mai kawo mini kaya yana ji, saboda haka abin da zan faɗa a kansa ba a bakin wani na tsinta ba. Sunana Muhibba, amma a layin Maman Kauthar ake ce mini. Shi kuma Injiniya, ko da yake babu makarantar da ta ba shi sunan, mu muka ba shi.

Ɗan Gbagyi ne, a wani ƙauye da ke bayan Kwali aka haife shi. Babansa manomin doya, mamarsa mai ginin tukwane. Ya gama sakandare, halin ci gaba bai samu ba, sai wani ɗan cocinsu ya samo masa aikin masinja a wani ofishi a Garki. Shekaru ya yi yana hawa bene yana sauka da fayil a hammata. A nan ya koyi abu biyu. Na farko kwamfuta, wadda yake taɓawa in sakatariya ta fita cin abinci. Na biyu yadda ake bin takarda har ta isa teburin da za a sa mata hannu: ya san wanda ake gaidawa da rusunawa, da wanda ake jira sai ya sha shayinsa, da wanda ba a tunkara ranar Litinin. Da aka tashi rage ma'aikata, da irinsu aka fara. Ya je ya koyi gyaran waya, ya kama shagon da ke manne da nawa. Matarsa Catherine malamar firamare ce, tana can Kwali da yara. Shi yana kwana a wani ɗaki a Karmo, ranar Asabar ya tafi gida.

Haƙurinsa haushi yake ba ni. Mutum zai kawo wayar da ta sha ruwa, ya rantse a aljihu kawai ta mutu, Injiniya ya buɗe ya ga tsatsa ya ce, "To, ba damuwa." Ni ce nake leƙowa in ce wa mutumin ya ji tsoron Allah. Hausarsa kuma irin ta mutanensu ce, mace ya ce mata "shi", abu goma ya kira shi da sunan guda. Na sha tsokanarsa.

"Injiniya, matarka ya zo ne ko ta zo?"

"Duk ɗaya ne, Maman Kauthar, tunda ya iso lafiya."

A lokacin dariya nake yi.

Da mamarsa ta rasu, mu 'yan layi muka yi mota guda muka je masa gaisuwa. An kafa rumfa, an jera manyan sifiku, wani saurayi yana ta sakin kiɗa daga kwamfuta. Can gefe, a gindin mangwaro, wasu tsofaffin mata suka ɗauko wata waƙa da yarensu, irin wadda ake yi wa mace mai ginin tukwane in ta tafi. Ɗaya ta bayar, aka jira amshi. Matasan da ke wurin suka ɗaga wayoyi suna ɗauka, amma babu wanda ya buɗe baki. Na dubi Injiniya na ga leɓensa yana motsi, ya kama farkon ya rasa ƙarshen. Da ya dawo shago, bayan mun gaisa, abin da ya fara ce mini shi ne, "Waƙar mamana ne, kuma ban iya amsa ba."

Tun daga nan Asabar ɗinsa ta tashi daga ta hutu. Ya riƙa bin ƙauyuka a kan babur ɗin aro yana ɗaukar muryoyin tsofaffi: waƙar niƙa, ta gayya, ta rarrashin jariri, ta makoki. Waɗanda suka fi ba shi su ne wasu 'yan'uwa biyu, ƙawayen mamarsa, Mama Helen da ƙanwarta Mama Angelina. Helen ce mai bayarwa, Angelina mai amshi, haka suke tun suna 'yan mata. Damina ɗaya bayan ya ɗauki muryoyinsu Mama Helen ta rasu.

Da farko a katin waya yake zuba musu waƙoƙin. Abin bai yi ba. Jika zai ari wayar ya goge ya zuba fim, ko katin ya ɓata, ko kuma tsohuwa ta yi ta danne-danne ta kasa gano inda waƙar take. Shi ne ya ce zai haɗa manhaja. Na ce masa, "Kai da ko sabon sikirin sai ka yi addu'a kafin ka manna?" Bai kula ni ba. Yana da wata tsohuwar kwamfuta da batirinta ya mutu, in aka ɗauke wuta ita ma ta ɗauke, da ita ya koya, yana kallon bidiyon masu koyarwa tsakanin wannan kwastoma da wancan. Ya fi shekara yana fama.

Abin da ya fito da shi, in ka buɗe, hoton tulu ne kawai a tsakiyar fuskar waya. Ka taɓa tulun waƙa ta fara. Ka sake taɓawa wata ta shigo. Ba rubutu, ba rajista, ba talla, ba ta cin data. Ya sa mata suna Muryar Gida. Ya bi duk ƙa'ida ya shigar da ita kasuwar manhajoji, wurin nan da ke cikin kowace waya inda ake shiga a sauke abin da ake so. Sun nemi katin shaidarsa ya ba su, sun nemi adireshi ya ba su. Ranar da ta bayyana ya leƙo shagona ya nuna mini, ga tulu, ga sunansa a ƙasa da ƙananan haruffa. Ban taɓa ganin haƙoransa duka a waje ba sai ranar.

Ba ta yi tashe ba, gaskiya. Amma ta je inda babur ɗin aro ba zai je ba. Wani soja ya bugo masa daga arewa maso gabas ya ce waƙa ta uku muryar kakarsa ce. Wata nas da ke aiki a ƙasar waje ta aiko saƙo cewa da ita take kwantar da ɗanta. Duk wanda ya sayi sabuwar waya, ko a ina yake, ya rubuta suna ya same ta. Wannan shi ne abin da Injiniya yake so, ba wani abu ba.

Ana nan sai labari ya zo cewa masu kasuwar manhajoji za su yi shara. Ni na fi kowa murna, don ni nake ganin wayoyin mutane. Manhajar tocila da ke neman lambobin duk 'yan'uwanka. Manhajar da ta ce za ta sanyaya waya, ita ce ke dafa ta. Ga masu ba da rance, waɗanda in ka makara su aika wa surukarka saƙo cewa kai ɓarawo ne. Na ce Allah ya ƙara, a kwashe su kaf. Har yau ban canza ra'ayi a kan wannan ba.

Sai dai tsintsiyar ta biyo ta kan Injiniya. Saƙo ya shigo masa da Turanci mai ladabi. Wai an duba manhajarsa an ga aikin da take yi bai taka kara ya karya ba, masu amfani da ita kaɗan ne, ba ta kai matsayin da ake so ba. Ya gyara, in ba haka ba za a cire ta.

Kingsley, mai sayar da tsofaffin wayoyi a gabanmu, wanda babu abin da bai sani ba a duniya in ka ji ta bakinsa, ya karɓi wayar ya karanta.

"Oga, gaskiya suka faɗa. Maɓalli ɗaya? Abeg, sa talla, sa wasan gem, sa wajen rajista. Cika shi da kaya."

"Mama Angelina ba ya karatu," in ji Injiniya. "In na sa abu biyu, ya ɓata hanya."

"To ka nemi star. Injin ne yake dubawa, ba mutum ba. In ya ga mutane suna ba ka star, zai bar ka."

Ga wanda bai sani ba, a ƙarƙashin kowace manhaja akwai taurari biyar a jere, su ne star ɗin da Kingsley yake nufi. In abu ya yi maka daɗi ka danna na biyar, duka su cika. In ya ɓata maka rai ka danna na farko, ka bar shi da guda ɗaya tal. Biyar yabo ne, ɗaya zagi. Injiniya ya san haka sarai. Amma da ya ɗauki waya ya kira Catherine, ina jin sa ta bangon katako, abin da ya ce shi ne, "Ki gaya wa matan zumunta, su shiga su ba ni tauraro." Da Hausa suke magana a tsakaninsu in zancen waya ne, don yarensu ba shi da sunan waɗannan abubuwa. Tauraro ya ce. Bai ce taurari ba, bai ce biyar ba.

Sauran labarin Catherine ce ta ba ni da bakinta daga baya. Ita ce magatakardar zumuntar mata a cocinsu. Ranar Lahadi bayan an tashi ta tara su, masu waya suka fito da ita, marasa ita suka karɓi ta 'ya'yansu. Aka buɗe, ga taurari biyar fayau. Wata ta ce, "Malama, wanne za mu taɓa?" Catherine ta duba. Mace ce da ta yi shekaru tana rubuta sakamakon jarrabawa, ta san yaron da ya zo na ɗaya shi ake yanka wa kaza, na biyar kuwa sannu kawai ake ce masa. Ta ce, "Wanne kuma? Mijina za ku ba na biyar? Ku taɓa na ɗaya." Suka taɓa da zuciya ɗaya. Suka koma gida suka gaya wa maƙwabta, maƙwabta suka gaya wa na ƙauyen gaba.

Da safiyar Litinin na same shi zaune bai ko buɗe akwatin kayan aiki ba. Ya miƙo mini wayar. Tauraro ɗaya, tauraro ɗaya, tauraro ɗaya, har inda yatsana ya gaji. A ƙarƙashin kowanne kuma ga abin da suka rubuta: "Allah ya sa albarka." "Ɗanmu na ɗaya ne." "Mun gode, Yesu ya kiyaye ka." Ba zan ɓoye ba, na yi dariya har da riƙe ciki. Kingsley ma ya zo ya taya ni. Sai da na ɗago na ga fuskar Injiniya, sannan na daina dariyar. Manhajar da take can sama a ma'auni ta dawo ƙasa warwas, daidai lokacin da ake neman dalilin cire ta.

Ya kira Catherine. Ban ji ya ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Ya yi mata bayani, ya ce ba laifinta ba ne, ya ce a bar abin haka, a hankali zai san yadda zai yi. To amma mace ce mai zuciya, kuma kunya ta kama ta. Ta kasa zama. Lahadin da ta biyo baya ta dace da taron haɗaka na zumuntar mata daga coci-coci na yankin. Ta nemi izini ta tashi gaban jama'a ta ce ta yi kuskure, a kasuwar nan ta waya na biyar shi ne babba. Don kada a sake samun matsala, ta sa aka kawo allo, ta rubuta jimla guda da Turanci mai kyau, cewa wannan manhaja tana da amfani ƙwarai kuma kowa ya sauke ta. Ta bi layi-layi tana duba kowa ya kwafa daidai, har da aya. Malama ce, haka ta iya aiki.

Mutum ɗaya ce ta ƙi. Mama Angelina ta ɓoye wayarta a cikin zani ta ce ita ba za ta mai da yaron nan na biyar ba. Aka yi bayani, aka sake yi, ta ce ta ji, amma ita a duniyar da ta sani babu inda biyar ya fi ɗaya in ana maganar matsayi. Aka gaji aka ƙyale ta.

Ku dubi abin ta idon injin. Mutane rututu, daga wuri ɗaya, a yini ɗaya, sun juya daga zagi zuwa yabo, kuma duk da kalmomi iri ɗaya har da aya. Haka masu sayen yabon ƙarya suke yi. Kafin mako ya zagayo saƙo na biyu ya shigo, wannan karon babu zancen gyara. An same shi da maguɗin ra'ayoyin jama'a. An cire manhajar, an rufe asusunsa, kuma kada ya buɗe wani, in ya buɗe za a gane a rufe.

Na ce, "Ina ofishinsu? Tashi mu je."

A Abuja muke. A garin nan kowace matsala tana da ofishi, kowane ofishi yana da ƙofa, kowace ƙofa akwai wanda ya san mai gadinta. Kuma ga ni da mutumin da ya ƙware a bin ƙofofi. Ya dube ni ya ce, "Ba su da ƙofa, Maman Kauthar. Akwati ne kawai, ka rubuta a ciki."

Ya rubuta. Ya ba da labarin tun daga farko, na ɗaya da na biyar, da allo, da komai. Na karanta na ce ko dutse ne ya ji wannan zai yi laushi. Kafin ya kai ruwa bakinsa amsa ta dawo: an sake duba lamarinsa da kyau, hukuncin yana nan. Wa ya duba? Yaushe ya karanta? Ya sake rubutawa, ya rage tsawo. Amsa iri ɗaya. Ya ɗauki hoton allon, don ba a goge ba, ya haɗa da hoton matan a zaune da ankonsu. Amsa iri ɗaya. Har Garki ya koma wurin tsohon ogansa, ya jira shi ya sha shayi, ya rusuna ya yi bayani. Mutumin kirki ne, ya rubuta masa takardar shaida cewa ya san shi shekara da shekaru, bai taɓa kama shi da ƙarya ba, ya buga hatimi. Injiniya ya dawo da ita a ambulan, ya zauna yana jujjuya ta, don babu teburin da zai kai ta. Ƙarshe hotonta ya ɗauka ya jefa a akwatin, amsar ta dawo kamar yadda ta saba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne babu wanda zan zaga. In mutum ya cuce ka, ko banza ka je ƙofar gidansa ka yi masa tas, ka samu sauƙi. Nan kuwa ba a ma yi fushi da shi ba. Kowane saƙo da godiya yake farawa, da fatan alheri yake ƙarewa.

Catherine ta zo ranar wata Juma'a da doya a buhu. Ta ajiye a bakin shagon ta tsaya, ta ƙi zama. Idonta ya yi ja. Ta ce, "Baban Divine, ni na kashe maka aiki."

Ya ce, "Ni na ce tauraro. Da na ce taurari, da ba a kai nan ba."

Na tuna duk tsokanar da na yi masa a kan Hausarsa, sai na ji ba na son jin muryata. Na shiga shagona na yi ta jera rigunan waya da suke a jere tun da safe.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Bayan 'yan watanni Kingsley ya ƙwala masa kira ya ce ya zo ya gani, manhajarsa ta dawo. Muka taru a kan wayar. Ga tulu, shi ne dai, har da ɗan tabon da ke gefensa. Amma sunan ya zama Muryar Gida Ta Asali, kuma sunan da ke ƙasa na wani kamfani ne da ba mu taɓa ji ba. Wani ne can ya kwashe waƙoƙin tun manhajar tana nan, ya zuba su a tasa. Wannan kam tana da kaya: wajen rajista, wajen neman lambobin wayarka, talla a sama, talla a ƙasa. Taurari biyar-biyar kuwa ba a magana, kowanne da kalmominsa daban, da sunayen da babu mai irinsu daga Kwali har Abaji. Su sun san yadda injin yake dubawa. Injiniya ya kai ƙara a wani akwatin. Aka ce ya kawo shaidar cewa waƙoƙin mallakarsa ne. Wace shaida? Tsofaffi ne suka ba shi da baki a gindin bishiya, wasunsu ma suna ƙasa.

Daga nan ya daina zancen. Ya ci gaba da gyaran waya, yana cewa ba damuwa. Babur ɗin aro ma ya daina karɓa.

Ranar da nake son ba ku labari, da hantsi ne, makarantu suna hutu. Na hango Catherine ta shigo layi, a bayanta wata 'yar tsohuwa ƙanƙanuwa da wani abu naɗe a zani, ta ɗora shi a kafaɗa yadda matansu suke ɗaukar kaya. Catherine ta yi ta yi ta karɓa, tsohuwar ta hana. Mama Angelina ce, tun daga Kwali. Injiniya ya yi tsalle ya ba ta kujerarsa ya durƙusa. Suka gaisa da yarensu, sai ta juyo ta dube ni ta koma Hausa.

"'Yata, zo ki tsaya. Ina so wani ya ji."

Tsohuwar wayarta ta faɗa rijiya, jikanta ya aiko mata da sabuwa, wani a ƙauyen ya shiga kasuwa ya sauke mata tulu. Ta ciro wayar daga ƙullin zani ta taɓa. Muryar Mama Helen ta fito, ƙasa-ƙasa, waƙar makokin nan ta gindin mangwaro. Ta ja baiti ɗaya, ta kai inda ake amshi, na ga Mama Angelina ta buɗe baki za ta amsa wa yayarta. Sai wani ƙato ya faso da ihu da kiɗa, wai ka zuba kaɗan ka kwashi miliyoyi, wasan yau ba ya faɗuwa.

Ta bar shi ya gama. Sannan ta ce, "Wane ne wannan ya shiga bakin yayana?"

"Mama, ba ni na sa shi ba."

"Tulunka ne a kai."

"An sata ne, Mama."

"To ka je ka karɓo. Ba kai ne ka yi aiki a ofis ba?"

Ya sunkuyar da kai. Catherine ta juya baya tana kallon layi.

Ya karɓi wayar ya goge ta ɓarayin. Ya jona ta da tsohuwar kwamfutarsa, ya turo tasa ta gaskiya, don tana nan a ajiye. Kafin manhajar ta gama shiga sai fuskar wayar ta kawo jan rubutu da alamar gargaɗi: ba a san wanda ya yi wannan manhaja ba, tana iya cutar da wayarka. Mama Angelina ta leƙo.

"Me ya ce?"

Injiniya ya amsa, "Ya ce a yi hankali da ni, Mama."

"Wayar sabo ne," in ji ta. "Bai san ka ba tukuna."

Ya danna ya wuce gargaɗin. Ta taɓa tulun, Helen ta bayar, ita ta amsa, a tsakiyar ƙarar janareto da masu kiran kwastoma, har waƙar ta kai ƙarshe babu wanda ya shiga bakin kowa. Ta goge ido da gefen zani. Sai ta tambaye shi jikanta da ke Legas fa, da 'yar Helen da ke aure a Jos, su ma ƙaton nan yana shiga musu?

"Yana shiga, Mama."

"Ka cire musu."

"Sai wanda ya kawo waya nan. In na aika musu, jan rubutun nan za su gani, su ji tsoro. Wanda ya nema a kasuwa kuma, na ɓarawo zai samu."

Ta daɗe tana kallonsa. Ina jin a ranar ta fara gane cewa akwai abin da yaron nan ba zai iya ba. Ta jawo ƙullin da ta sauke daga kafaɗa ta kwance. Tulu ne sabo, baƙi, mai sheƙi, ginin hannunta. A kafaɗarsa, tun yumɓun yana ɗanye, ta zana tauraro guda ɗaya babba, aka gasa shi da shi.

"Matarka ya ce wanda na ba ka a waya ya tafi tare da abin," ta ce. "Wannan ba mai gogewa. Su duka sun canza, ni ban canza ba. Na ɗaya ne kai."

Kingsley ya buɗe baki, na san abin da zai ce, na watsa masa harara ya haɗiye. Injiniya ya karɓi tulun da hannu biyu yana durƙushe, ya yi godiya da yarensu, doguwa. Ya raka su tasha ya sa su a mota.

Da ya dawo ya ɗora tulun a kan kanta, kusa da inda yake ajiye matattun wayoyi. Ya tsaya yana kallonsa. Sai ya sa hannu ya juya shi a hankali, tauraron ya koma yana fuskantar bango.

Makullin shagonsa ɗaya yana wurina, saboda masu zuwa karɓar waya da sassafe. In na riga shi zuwa, nakan juyo tauraron ya kalli layi. In ya iso ya ajiye jaka, ya gaishe ni, ya tambayi Kauthar, sannan ya mai da shi bango. Ba mu taɓa yin maganar ba.